Ranar da Abu Intisar Ya Kama Bakinsa

Duk garin Zubair da ke kusa da Basra babu wanda ya kai Faraj Abdulzahra surutu. Ni, Mabruk, zan ba da wannan shaida, don na yi shekaru ina bin sa da kyamara a wuya. Abu Intisar muke ce masa, da sunan babbar 'yarsa. In ya tare ka a kasuwar kifi, to ka haƙura da abin da ya fito da kai, sai ka ji tarihin kifin da na mai kifin da na kakansa da ya zo Basra a jirgin ruwa. Amma a miƙa masa takarda, nan take ya zama marowaci. Labarin da wani zai cika shafi da shi, shi a layi kaɗan ya gama.

Tare muka shiga aikin jarida, mu biyu ne kaɗai baƙaƙe a ofishin. Editan da muka tarar, a nasa ganin, ƙaunarmu yake yi. Duk ranar da aka ce akwai kiɗan ganguna ko bikin aure a unguwarmu sai ya leƙo ya ce, "Ina Faraj? Wannan naku ne." Labarin majalisa da na tashar jiragen ruwa kuwa na wasu ne. Faraj yakan je bikin, ya ci shinkafa da kifi ya yi nak, ya dawo da labarin famfon unguwa da ya koma zubar da ruwan gishiri, wanda ya tsinta a bakin mata masu wanke tukwane. Haka ya riƙa shigo da labarai ta bayan gida har aka gaji aka sakar masa mara.

Abu ɗaya ne bai samu ba. Da gidajen talabijin suka yawaita ya je gwaji, ya fi kowa iya karatu. Aka ce muryarsa ta yi, ya riƙa karantawa ana nuna hotuna, amma ban da fuskarsa. Ba wanda ya ambaci launin fata, ba a ma buƙatar a ambata. Ya dawo yana dariya yana ce mini, "Mabruk, sun ce kyawuna zai hana mata sauraron labarai." Na taya shi dariyar, amma na san abin ya ci masa rai ƙwarai.

Da ya ajiye aiki sai ya buɗe tsakar gidansa ga yaran unguwa. Kowace Juma'a bayan la'asar suna nan a kan tabarma, maza da mata, matarsa Umm Intisar tana mita a kan sukarin da suke ƙarar mata tana kuma ƙara musu shayi. Ba allo, ba jarrabawa. Yakan tura su kasuwa su dawo da labari, ya zauna ya yi masa kaca-kaca. "Wa ya faɗa maka? Shi kuma wa ya faɗa masa? Ka je ka ji ta bakin wanda ake zargi? To koma." Yana da doka guda da ya ɗora wa kansa, wadda a wurinsa ta fi azumin bazara wuya: in ya raka ɗalibi aiki, ba ya buɗe baki ko sama za ta faɗo.

Cikin yaran akwai Durgam, ɗan wani makaniki, dogo, baƙi wuluk, mai kunya kamar sabon ango. Wani gidan talabijin a Basra ya ce zai gwada shi sau ɗaya. Manoman dabino a wani ƙauye kusa da Abul Khasib suna kuka cewa mutanen Shehi Mizhir, shugaban ƙabilar wurin, sun toshe magudanar ruwa sun karkatar da ita zuwa tafkunan kifinsu, itatuwa suna bushewa. Shehin ya ƙi magana da kowane ɗan jarida. Aka ce wa Durgam in ya kawo muryar shehin, za a saka rahoton da fuskarsa a ɗauke shi aiki. In bai kawo ba, shi ke nan. Ni dai na ce sun ba shi wannan ne don su rabu da shi cikin mutunci.

Muka tafi mu uku a tsohuwar motata. Shehin ya karɓe mu a mudif, wato babban zauren baƙinsa na kara, dattawa sun jeru hagu da dama. Tun kafin mu gama gaisawa ya yanke mana hanzari.

"Kun zo lafiya, gida naku ne. Ku ci, ku sha, ku huta. Maganar ruwa kuwa ba na yin ta da 'yan jarida."

Mai gahawa ya fara zagayawa da butarsa. Ya zuba wa Faraj ya kurɓe, ya zuba mini na kurɓe. Ya miƙa wa Durgam, shi kuwa a lokacin yana fama da wayar makirufo da ta naɗe masa a gwiwa. Ya karɓi finjalin da hannun dama, ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya ajiye shi a ƙasa gabansa ya ci gaba da warware waya.

Dattawa suka zuba wa finjalin ido. Mai gahawa ya ja da baya ya tsaya ƙiƙam. Ko yaron goye a kudancin nan ya san baƙon da ya ajiye finjali bai sha ba, da babbar buƙata ya zo, kuma mai gida ba shi da sauran mutunci in gahawar ta huce bai biya masa ita ba. Durgam ma ya sani sarai, tsoro da waya ne suka ɗauke masa hankali.

Shehin ya gyara zama, fuska ba walwala. "Sha gahawarka, ɗana. Abin da ka zo nema ka samu, in dai yana hannuna."

Sai a nan yaron ya ga abin da ya aikata. Na matsa na raɗa masa, "Allah ya kashe ya ba ka. Ce masa hira kake so." Ya waiga wurin malaminsa. Faraj ya ɗaga kai yana nazarin rufin zauren kamar shi aka ba kwangilar gyara shi, gumi na bin wuyansa, leɓɓansa na motsi, amma ko uffan.

Durgam ya ce, "Allah ya ƙara maka tsawon rai, mantuwa ce. Hannuna ne ya cika. Tambaya na zo da ita, ka kuma riga ka ce ba za ka amsa ba. In na matse ka da finjali ka yi magana, gobe kana da ikon cewa dole aka yi maka, manoman nan kuma ba su ƙaru da komai ba." Ya ɗauki gahawar da ta riga ta huce ya shanye, ya girgiza finjalin alamar ta ishe shi, ya miƙa.

Wani tsoho a gefe ya ce, "Kai, yaro, ka tsinka mana zuciya. Na ɗauka 'yar shehi ka zo nema, ga shi duk sun yi aure sai kakarsu." Aka fashe da dariya, har shehin ya murmusa. Muka yi sallama muka fito hannu rabbana.

A mota na sauke masa kwandon faɗa. Na ce an buɗe maka ƙofa ka mayar ka rufe da hannunka, sai ka koma garejin babanka ka riƙa yi wa injin mota tambayoyi. Yaron ya sunkuyar da kai. Faraj kuwa, da yake an bar wurin aiki, bakinsa ya buɗe.

"Mabruk, tuƙi aka ce ka yi ko huɗuba? Kai da ka taɓa ɗaukar hoton gwamna ba ka cire murfin kyamara ba."

"Abu Intisar, aikin yaron nan ya tafi fa."

"Na sani," ya ce, ya juya yana kallon dabinan da suka bushe a bakin hanya. Ya fi mu duka jin zafin abin.

Mun kusa gada sai ga babur yana bin mu yana ƙyafta fitila. Mai gahawa ne, jallabiyarsa a ɗage. Ya ce shehi ya ce an sauke abinci, ba a barin gidansa da yunwa, kuma dogon yaron ya taho da abin maganarsa. "Ya ce ku zo da beben nan ma, ya ba shi tausayi." Na kusa faɗawa rami don dariya.

Hirar ba ta yi daɗi ba, kada a ce na gyara labari. Durgam ya yi tambayoyinsa ba kwana-kwana, shehin ya fusata a tsakiya har ya buga sanda a ƙasa, ya ce tafkunan na 'yan'uwansa ne, ya ce gwamnati ce ta fara rage ruwa. Amma ya yi magana, da bakinsa, da son ransa. Daga baya an buɗe rabin magudanar, har yau ana jayayya a kan sauran rabin.

Ranar da za a saka rahoton, rabin unguwa ta taru a shagon shayin Abu Sattar da magariba. Faraj ya zo da sabuwar riga, ya kama kujerar gaba, yana ta bayanin yadda ake haɗa rahoto ga mutanen da ba su tambaye shi ba. Sai ga Durgam ya cika akwatin talabijin, tsaye a cikin gonar dabino, baƙi kamar ni, baƙi kamar Faraj, yana kallon Iraƙi gaba ɗaya yana ba ta labari. Mata suka rangaɗa guɗa daga saman soro. Makanikin babansa ya rungume mai shayi har tire ya kife.

Na juya in tsokani Faraj, sai na ga hawaye na zuba cikin gemunsa, bai ko damu da sharewa ba. Na dafa kafaɗarsa na ce, "To, Ustaz, yaya ka gani?"

Bai ɗauke ido daga akwatin ba. "Wuyan rigarsa a karkace yake," ya ce. "Matsa, Mabruk, kana tare mini shi."