Anasara Mai Fito

Ran nan a falon akwai ni, da 'yata Balki wadda ta kawo ni Dubai don a duba mini gwiwa, harkar kago, wato aika kaya ƙasashe, kuma ta hana ta mayar da ni gida. Akwai jikata Nafisa, wadda ko barci take yi da igiyar waya a kunnenta. Akwai Talatu maƙwabciyarmu, 'yar Kafanchan mai aikin asibiti, da ta shigo aron turmi ta ƙi fita. Sai baƙuwar, wata doguwar Anasara mai furfura, da ta ce sunanta Kulodin. Shekarar da ta gabaci korona ce, da la'asar, rana na nan sama.

Balki ce ta kawo ta. Wai Anasarar ta je shagonsu na unguwar Al Sabkha za ta aika littattafai Yamai, ta ji harshen Balki, ta tambaye ta garinsu. Da ta ji sunan ƙauyenmu na kusa da Tasawa sai ta nemi kujera. Ban yarda da wannan labari ba tun daga bakin ƙofa. Duk faɗin Dubai, sai shagon 'yata?

Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta ce, "Ina wuni, Iya? Ina gajiya?" Da irin lanƙwasar mutanenmu ta faɗe shi. Na amsa a taƙaice. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya iya gaisuwa haka ba tare da wata buƙata a bayanta ba.

Ta ajiye wayarta a kan kafet ta danna. Aka ji ƙara kamar ana soya gyaɗa, jaki ya yi kuka daga nesa, sai muryar kakata, Iya Tasalla, wadda aka binne tun kafin in yi aure. Bayan ta kuma sai wani siririn fito. Na ce, "Ke 'yar Mai Fito ce." Ta ce shi ne ubanta.

Ina ƙarama ya zo garinmu, bayan girbi. Saurayi ne dogo, jajir, daga Faransi, maigari ya sauke shi ya ce a bar shi ya shiga ko'ina. Da rana yana kasuwa yana nuna abu yana tambayar sunansa, in an faɗa ya ce, "Sake faɗa." Da an ci tuwo kuwa sai ga shi a gidanmu, saboda an gaya masa babu mai tatsuniya kamar Iya. Mu yara muna kewaye da wutar kara, gujiya na gasuwa a toka, shi kuma ya naɗe dogayen ƙafafunsa a cikinmu kamar ba namiji ba, da wani akwati mai faifai biyu masu juyawa.

Iya takan buɗe da cewa, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zo ta zauna." Tana da muryar kura, tana da ta amarya, tana da ta tsoho mai haƙori ɗaya. Amma da ta faɗi wata kalma da ta yi masa daɗi, sai ya tsuke baki ya bi ta da fito, sama da ƙasa. Mu kuwa an riga an gaya mana wa ake kira da fito bayan faɗuwar rana. Ƙanina Idi har fitsari ya taɓa saki.

"Kai Mai Fito," in ji Iya, "a garinku uwaye ba sa hana fito da dare?"

"Iya, hawa da saukar muryarki nake bi."

"Muryata tsani ce? Wa kake miƙa wa maganata a cikin duhu?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Abin da ya ƙarasa ɓata shi a wurinta, labari ya zo cewa ya kunna akwatin a ƙofar maigari da tsakar rana, maza sun taru suna jin ta tana kukan kura. Kowa ya san mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Ga shi an sa ta yi, ba ta ma wurin.

Ran nan da aka zauna, ta dube shi sosai, ta kawo wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Wani baƙo ne ya shigo gari da gora mai marfi. Duk wanda ya tarar sai ya ce, "Zuba mini kaɗan daga abin da ke bakinka." Mai daka ta zuba masa waƙar daka, washegari taɓarya na sauka babu waƙa. Makiyayi ya zuba kiran shanunsa, shanu suka daina saninsa. Mai goyo ta zuba rarrashi, jariri ya kwana yana kuka. Da gari ya yi tsit, baƙo ya rataya gorarsa ya kama hanya. Sai wata yarinya ta bi shi tana waƙa:

Mai gora, mai gora, tsaya,
abin da ka ɗauka ba ruwa ba ne,
in ka sha ba ya kashe ƙishi,
in ka zubar ba ya jiƙa ƙasa.

Ta cim masa a bakin gulbi. Ya juyo, hannunsa a kan marfin. Nan Iya ta yi hamma ta ce barci take ji.

"Iya, ni ne mai gorar, ko?" in ji Mai Fito.

"Kai ka faɗa."

Ya yi ta zuwa har ya bar garin, ta ba shi wasu tatsuniyoyin da dama, wannan kam ba ta rufe masa ita ba. Ranar da motarsa ta tafi, Iya ta sa Idi ya leƙa bayan darni, sannan ta tara mu ta gaya mana ƙarshen. Ta ce, "Wannan na kunne ne. Kada ku zuba shi a gorar kowa."

Duk wannan, har hammar Iya, ya fito daga wayar Kulodin, ban da ƙarshen. Da ta kashe, Nafisa ta riƙa juya mana abin da take faɗa, don Hausar baƙuwar iyakarta gaisuwa. Ta ce uban ya koma ya koyar a babban lakwal na Paris, wato jami'a, ya haɗa ƙamus na Hausa mai kauri, ya hau duwatsun Cadi da Kamaru yana bin harsunan da masu jin su suka rage kaɗan. Ko'ina da fitonsa. Da ya tsufa kunnuwansa suka mutu, sai ya riƙa kunna tsohon akwatin ya ɗora hannu a kai yana jin motsinsa. Bara ya rasu. Ta ce har kwanakinsa na ƙarshe yana cewa akwai tsohuwar da ta bar shi tsaye a bakin gulbi.

"Tana roƙon ƙarshen, tsohuwa," in ji Nafisa, ta riga ta ɗaga wayarta ta saita mini baki. "Yalla, maza faɗi mu ɗauka."

"Sauke wannan abin daga fuskata."

"Haba Inna," in ji Balki, "mutumin nan fa ya mutu."

"Wayar ta mutu? Ke kin san inda za ta kai ni? Yanzu ma da rana kuka tayar da uwar ubana."

Talatu ta ce, "Mama, ai ɓatan ya riga ya faru. Daga Tasawa kin tsinci kanki a bene na sama a unguwar Naif." Suka yi dariya. Na bar su suka gama.

Na tambayi baƙuwar wa zai ji in na faɗa. Ta ce ɗalibai. Na ce waɗanne, 'ya'yan wa, sun ci tuwo kafin su zauna? Na ce ta tafi, zan yi tunani. Ta tafi ba tare da ta ɓata rai ba, wannan ma na lura da shi.

Abin da ban gaya wa kowa a falon ba shi ne waƙar. Ta daɗe da ɓace mini. Ina goyon Balki na neme ta, layin farko kawai ya zo. Sai ga ta cif daga gorar mutumin da Iya ta ƙi yarda da shi. Har yau ban ce Iya ta yi kuskure ba: ya ɗauka bai gaya mata inda zai kai ba. Amma na daɗe ina zaton a hannun baƙo kawai murya ke ɓata, alhali a bakin mai ita ma tana bushewa in babu wanda ya zauna ya saurara. Idi ya rasu, duk waɗanda suka ci gujiya a bakin wutar nan sun rasu. Ƙarshen nan a kaina kaɗai yake, jikata kuma ba ta taɓa tambayata tatsuniya ba sai da Anasara ta tambaya. Ba zan faɗe shi a nan ba. Takarda ma gora ce.

Washegari da safe na ɗaura zani na sauka kasuwar Naif da sandata, ban jira kowa ba. Na sayi tabarma babba, da gujiya, da langa mai marfi mai kamawa sosai. Na dawo na ajiye langar a bakin ƙofa, na tashi Nafisa na cire igiyar daga kunnenta da hannuna.

"Ki gaya wa 'yar Mai Fito ta zo bayan magariba. Wayarta a cikin langar nan za ta zauna, taki ma haka. Ke za ki zauna gabana, ita a baya. In kuma na ji fito, khalas, shi ke nan, barci nake ji."