Jan Goro Biyu

Shekarar da jikata ta cika goma sha ɗaya, amosanin jini ya hana ta zaman makaranta. Da damina ta sauka a Kumasi sanyi ya shiga ƙashinta, sai asibiti. Kafin ta murmure tsararrakinta sun yi mata nisa. Iyayenta suka yanke shawarar a riƙa koyar da ita a gida. Uban yana shago a unguwar Alabar, uwar tana ɗinki a unguwar Dichemso, ni kuwa na ajiye fataucin goro ina zaune. Sai aka danƙa mini ita da littattafanta.

Ban ji ɗar ba. Na sauke Alƙur'ani, Turancin kasuwa kuma ya ishe ni bin layi. Kowace safiya bayan koko mukan shimfiɗa tabarma a baranda. Da muka kai littafin kiwon lafiya na koya mata wanke hannu da yawaita shan ruwa da amfanin gidan sauro, har ina jin kaina likita.

"Tsoho, kai ma ba ka kwana a gidan sauro," in ji ta.

"Amaryata, sauron Zango ya san ni tun ba a haifi ubanki ba. Karanta!"

Ran nan muka buɗe babin gadon jini. Zanen da ke ciki ya rikita ta, sai na ɗebo goro daga kwando. Na ce fari shi ne jini lafiyayye, ja kuwa mai ɗauke da ciwon, kuma kowane ɗan Adam biyu yake riƙe, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Na ajiye fari da ja a damanta, ubanta ke nan. Fari da ja a hagunta, uwarta ke nan. Ta rufe ido ta zaro ɗaya daga kowane gefe. Karon farko fari da ja suka fito. A karo na uku ta buɗe hannu, ja biyu.

"Ga ni nan," ta ce, tana dariya.

Daga nan ta karanta layin ƙarshe na shafin, inda aka ce masu niyyar aure su fara gwada jininsu. Ta ɗago kai.

"Kaka, Baba da Mama ba su san ana gwadawa ba ne?"

Sun sani. Uwarta 'yar ƙanena ce. Ana saura wata guda a ɗaura aurensu, ɗana ya zo ɗakina ya durƙusa, ya ce wata nas ta ba su shawara su je gwaji. Na ce masa jininmu ɗaya ne tun daga kakanmu da ya shigo ƙasar Asante cikin ayari, kuma duk wanda ya kai 'yar ƙanena gwaji, ni ya zaga. Ya sunkuyar da kai ya fita. Har yau bai taɓa tuna mini ba, ko a bakin gadon asibiti, sa'ad da yarinyar take cizon zane don azaba.

Na so in ce ƙaddara ce, na fasa. Sai na ce azahar ta gabato, alhali kuwa da saura. Ta naɗe kusurwar shafin, ta ce gobe mu ɗora daga nan.

Washegari na ce lissafi za mu yi. Lissafi muka yi ta yi har mako ya ƙare.