Ruwan Zafi a Karafan ɗin Yaya

Shekarar da aka rushe layinmu a unguwar Nakkasa, nan Makka, sai da muka yi sati uku ba mu da gida. Gidan da muka samu a Zahir ba a gama gyara shi ba, kayanmu kuma mun rarraba su gidajen 'yan'uwa. Yara muka tura wurin ƙanwata a Hindawiyya saboda makaranta. Ya rage ni da maigidana da Inna, mahaifiyata, wadda gwiwa ta riga ta hana ta hawa bene, gidan ƙanwata kuwa a hawa na huɗu yake.

Yayana ne ya ce mu zo mu zauna a karafan ɗinsa. Babbar mota ce mai ɗaki a ciki, da gado biyu, da murhu, da ɗan banɗaki da in ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bangonsa duka. Ta hannu ya saya don fita daji da iyalinsa lokacin sanyi. Tana ajiye a wani filinsa mai katanga a bayan gari, ta hanyar Jumum, ba kowa a wurin sai itacen magarya guda da duwatsu baƙaƙe ta gabas.

Ranar da muka tare, ni Yaya ya kira ya yi wa bayanin ruwa, domin maigidana bas yake tuƙawa, da asuba yake fita ba ya dawowa sai magariba. Ya ɗaga katifar gadon baya, ya cire wani allo, ya nuna mini farin tanki kwance, da wani ɗan baƙin inji a gefensa da bai fi ƙaramar buta ba. Ya ce wannan shi ne dinamo, shi ke tura ruwa zuwa famfo. Daga nan ya zagaya da ni waje, ya buɗe wata 'yar ƙofar ƙarfe a jikin motar, ya nuna mini sahhan, tukunyar dumama ruwa mai aiki da gas. Ruwan da take ɗauka bai wuce bokiti guda da ɗan kai ba.

Abu uku ya ce in riƙe. In za mu fita, in kashe dinamo. Kada in bar shi yana aiki tanki babu ruwa. Na ukun kuwa sai da ya maimaita.

"Kada ki kunna sahhan sai kin tabbata ya cika. Ki buɗe famfon zafi tukuna, sai ruwa ya zubo miƙe ba ya tari, sannan ki danna. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi.

Da na fara buɗe famfon wanke-wanke sai na ji gurnani daga ƙarƙashin gado, daɓen motar ya ɗan yi rawa a tafin ƙafata, ruwa ya fito da ƙarfi. Na rufe, injin ya buga sau biyu ya yi shiru. Na sake buɗewa, ya sake tashi. Na fi minti biyar ina wannan kamar ƙaramar yarinya. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya gaya masa, da kansa yake sanin na buɗe. Daga baya Yaya ya ce mini matsin ruwan da ke cikin bututu yake ji, in ya ragu ya tashi, in ya cika ya tsaya. Bayanin ya shige ni, amma mamakin bai tafi ba. Na haura shekara arba'in ina buɗe famfo ban taɓa jin abin da ke wahala a bayansa ba.

Kwana biyu na yi ina wanke-wanke yadda na saba a gida, famfo a buɗe ina cuɗa tukunya. Da safiyar na uku ina tsakiyar wanke shinkafa, ruwa ya fara tofi, ya tsinke, muryar dinamo ta koma siririya, yana ta gudu ba ya tsayawa. Na ruga na kashe shi, na kashe sahhan. Na dubi fitilun da ke nuna yawan ruwa, biyu cikin huɗu suna kunne, wai saura rabi. Inna ta ce tun jiya da la'asar ta san ba zai kai azahar ba. Na tambaye ta yadda aka yi ta sani, ta ce ai duk buɗewar da na yi tana jin ta, tana kwance a kan tankin.

Wayit, motar dakon ruwa, ta zo bayan azahar ta cika mana tanki. Na kunna dinamo, na buɗe famfon zafi yadda aka koya mini. Ya yi tari, ya fesa mini iska da ruwa a riga, ya yi shiru, ya sake tari. Na tsaya har ruwan ya miƙe sumul, sannan na danna maɓallin sahhan na fita waje in gani. Na ji ƙyas-ƙyas-ƙyas sau uku, sai wuta shuɗiya ta kama a cikin ɗan bututun ƙarfe, tana huci a hankali. Na daɗe a tsugune ina kallonta.

Daga ranar muka raba aiki ba tare da mun yi shawara ba. Hannu nawa ne, kunne na Inna. Na koyi tara ruwa a roba in wanke kwanuka, in ɗauraye a wata. Na koyi kunna sahhan kamar sulusin awa kafin a buƙace shi, in kashe da zarar wutar ta ɗauke, don ruwan yana riƙe ɗuminsa har azahar. Na koyi kwance ɗan kofin matacin da ke gaban dinamo in zubar da yashin da ya taru. Ita kuwa Inna sai ta ce ruwan nan zai kai jibi da hantsi, a kira wayit gobe. Sau huɗu ta faɗa, sau huɗu ya zama haka. Na daina duba fitilu.

Ba abin da ban sani ba ne cewa Inna ta yi dakon ruwa. Tana yarinya ta zo ƙasar nan da iyayenta ta Sudan, kuma kafin a fara jan tiyo zuwa kan dutsen da unguwarmu take, da garwa take ɗebo ruwa daga bazan, wurin rabon ruwan unguwa, ta hau da shi. Na sha jin labarin har na daina sauraro. Sai a cikin motar nan na ga abin da shekarun suka bar mata.

A sati na biyu, wata rana bayan azahar mun kishingiɗa, ni har barci ya fara ɗaukata, sai Inna ta taɓa ni.

"Ke, wa ya buɗe ruwa?"

Na ce ba kowa, mu biyu ne. Ta ce in yi shiru in saurara. Muka zauna tsit. Can sai dinamo ya yi gur, numfashi ɗaya, ya tsaya. Na duba famfunan duka a rufe suke. Na kira Yaya a waya, ya ce yakan yi haka wani lokaci, in rabu da shi. Da na gaya wa Inna sai ta girgiza kai, ta ce jiya bai yi ba, shekaranjiya bai yi ba, ruwa yana fita ta wani wuri.

Na leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a bushe. Na shafa bayan banɗaki, a bushe. Inna ta ce da can in garwa ta huje ƙaramin huji, goge ta suke yi ta bushe su barbaɗa mata toka, inda tokar ta yi baƙi nan ne. Ba mu da toka, sai na yayyaga takardar goge hannu na naɗa a kowace mahaɗar bututu da hannuna ya kai. Da la'asar na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta bayan sahhan, can cikin kabad ɗin da muke ajiye takalma, ta jiƙe sharkaf, da ɗuminta. Katakon da ke ƙarƙashi har ya fara kumbura.

Na kashe sahhan da dinamo, na jira ruwan ya huce, na buɗe famfo matsin ya fita, sannan na kwance mahaɗar da hannu. Wani ɗan zoben roba ne a ciki, kamar zoben yatsa, ya tsage ta gefe ɗaya. Maigidana ya tafi da shi washegari ya samo irinsa a shagon masu gyaran famfo a Hindawiyya. Na saka, na ɗaure, na kunna. Dinamo ya cika bututu ya yi shiru. Muka zauna ni da Inna har aka kira isha'i, bai ƙara motsi ba. Ɗigo ne da ko a tafin hannu ba zai taru da wuri ba, tsohuwar da sai an ɗaga murya take jin sallama ta ji shi ta cikin katifa.

Ranar Juma'ar ƙarshe gari ya waye da iska mai sanyi daga duwatsu. Inna duk rayuwarta da bokiti take wanka, a dafa ruwa a buta a sirka, ko a karafan ma haka nake yi mata. Ran nan gwiwar ta tashi, ba ta iya sunkuyawa. Na ce ta bari in yi mata da shawa. Ta ƙi, ta ce ɓarnar ruwa ce. Na nuna mata kan shawar yana da maɓalli, a jiƙa a tsayar, a sa sabulu a sake. Ta yarda da ƙyar.

Na kunna sahhan, na jira wutar ta ɗauke, na kashe. Na zaunar da ita a kan 'yar kujerar roba, na sirka ruwan ina gwadawa a wuyan hannuna. Rabona da in ga kanta ba kallabi kusa haka na manta. Da ruwa ya kwantar da furfurar sai na ga tsakiyar kan, wuri kamar faɗin tafin hannu, ba gashi ko ɗaya, a shafe yana sheƙi. Nan gammo yake zama. Na ci gaba da zuba mata a kafaɗa, dinamo yana gurnani a bayan bango.

Ta lumshe ido. Can ta tambaye ni ruwan nan na wace rijiya ne mai wayit yake kawowa, don ba shi da nauyin da ta sani. Na ce ba na rijiya ba ne, yawancin ruwan Makka yanzu daga teku yake, ana cire masa gishiri a turo shi ta bututu ya ratso duwatsu. Na ɗauka ta sani.

Ta buɗe ido. "Wane teku? Wanda muka tsallako?"

Na ce shi.

Ta tara hannu biyu, ta kai baki ta ɗanɗana. Ta ce a cikin jirgin ruwan da ya kawo su, murfin buta guda ake ba kowane yaro safe da yamma, ƙanenta yana kuka yana miƙa hannu ga ruwan da ya kewaye su ko'ina, babansu yana riƙe shi. Ta ce ita da kanta ta saci ɗanɗano, ta yi ta amai. Ta sake tara hannu ta dubi ruwan yana tururi.

"Subhanallah. Shi ne ya biyo ni har nan, da ɗuminsa."

Ruwan ya fara sanyi a hannuna, sahhan ya ƙare. Na tsayar, na lulluɓe ta da tawul. Ranar ba ta yi maganar ɓarna ba.

Bayan kwana uku muka koma Zahir. Kafin mu fita na zuƙe tankin, na jira sahhan ya huce na kwance toshiyarsa ya tsiyaye, Yaya yana tsaye yana kallo, ya ce shi bai taɓa yin haka ba tun da ya sayi motar. Ya ce in sanyi ya zagayo tare za mu fita, ni ce mai ruwa. Inna ta ce har da ita, kuma bakin teku za a kai ta.

Da sanyi ya zagayo muka je, kudu da Jidda. Ba ta sauka ba. Ta zauna a bakin ƙofar karafan da kofin shayi, ta daɗe tana kallon ruwan. Ta tambayi Yaya ina wurin da ake cire gishirin, ya nuna mata wasu dogayen hasumiyoyi can nesa a bakin gaɓa, da ƙyar ake ganinsu. Ta tambaya ko mutane ne a ciki suke aikin, ya ce mutane ne, dare da rana. Ta ajiye kofin, ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a doguwa, da su da iyayensu, muka shafa tare.