Mai Almakashi, Wadda Ta Hana 'Yan Saƙo Ɗaure Ƙugu

Kafin ta buɗe ofis, kafin ma ta ajiye jakarta, sai ta fara zagaya farfajiyar da 'yan kai saƙo ke jera baburansu. Ba ta da tsawo, gwiwarta ta dama kuma ta daɗe da fara yi mata gardama, amma da an ji takunta a kan simintin nan za ka ga ƙarti majiya ƙarfi suna gyara tsayuwa suna jan jaket ƙasa. A hannunta akwai wani baƙin almakashi irin na teloli. Ɗaya bayan ɗaya take bin su. "Ɗaga jaket ɗinka in gani," haka take cewa, ko gaisuwa ba ta jira a gama. In ta ga igiya a ƙugun mutum sai ta datse ta nan take, ta jefa a jaka, ta wuce gaba. Sunanta na yanka ko a ofis ba kowa ya riƙe shi ba. Mai Almakashi kowa ya sani, in kuma a gabanta ne a ce Anti.

Ita fa ba ma'aikaciyar kamfanin kai saƙon ba ce. Kamfanin inshora ne ya ajiye ta a can, aka ba ta wani ɗan ɗaki kusa da wurin awon kaya, da tebur da waya da fanka mai kuka. Aikinta shi ne in kaya ya ɓata, ko ya fashe a hanya, ko an sace shi, ta saurari yadda aka yi, ta duba, ta sa hannu a biya mai kaya. Yanke igiya ba ya cikin abin da aka ɗauke ta yi, kuma ba a taɓa ƙara mata ko sisi a kansa ba.

Mu da muke zaune a gida muna jiran saƙo, muna buga waya muna cewa an makara, ba mu san labarin igiyar nan ba. Ɗan saƙo yakan ɗora akwatin kaya a bayan babur ya ɗaure da roba. Masu fizge kuwa su biyu ne a babur ɗaya, na baya da wuƙa. Su jero da kai, ya yanke roba, ya sure akwati, kafin ka waiwaya sun sha kwana. Abin da ɗan saƙo ke tsoro ba wuƙar ba ce. Tsoronsa shi ne ya koma ofis hannu rabbana, a dube shi sama da ƙasa a ce, "Anya ba da kai aka haɗa baki ba?" Kalmar nan in ta manne wa mutum, ya bar aiki ke nan, kuma duk inda ya je ta riga shi zuwa. Shi ya sa suka ɓullo da dabara: a zura igiya a hannun akwati, a ɗaura ɗaya bakin a ƙugu. Wai in an fizge, a fizge har da su.

Ai kuwa ana fizgewa har da su. A farkon aikinta an kira ta ta je ta duba wata asara a bakin titi. Ta tarar da akwati lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu, hatiminsa bai ko motsa ba. A gefe kuma ga mutum an lulluɓe shi da zane, igiyar tana nan a ƙugunsa. Ɓarayin sun ja shi a kan kwalta, da suka ga akwatin ya ƙi rabuwa da shi suka saki. A ranar aka ba wani ya ƙarasa da kayan, mai kaya ya karɓa ya yi godiya. Ita kuma ta koma ofis ta rubuta cewa inshora ba ta da abin biya, domin kaya sun isa lafiya. A hanyarta ta komawa gida ta tsaya shagon kayan ɗinki ta sayi almakashin nan.

Ke ce, Anti, kika tsaya a gaban maza kika ce musu inshora tana mayar da waya, tana mayar da agogo, amma ba ta taɓa mayar da ƙashin bayan kowa ba. Ke ce in wayarki ta yi ƙara aka ce an yi haɗari, ba kya tambayar lambar saƙo sai kin ce, "Jikinka fa?" An yi miki dariya, an ce tsohuwa ta sa ido, an ɓoye miki igiya a ƙarƙashin singileti. Ba ki fasa ba.

Cikin masu kunnen ƙashi babu kamar Baban Biyu. Mutum ne mai shiru-shiru, ga riƙon amana, tun da matarsa ta haifi tagwaye kuma ya ƙara zama mai tsoron abin da zai taɓa masa aiki. Igiyoyinsa da Anti ta yanke sun isa a yi shanya da su. Har takan zolaye shi ta ce, "Baban Biyu, in sana'ar igiya kake so ka faɗa mini in samo maka rumfa." Shi dai sai ya yi murmushi ya sosa ƙeya.

Wata safiya ta zagaya farfajiya ba ta ga baburinsa ba. Mai gadi ya ce mata tun da sassafe ya fita da akwatin sababbin wayoyi, zai kai wani shago a can bayan masana'antu. Har ta juya, mai gadin ya ƙara da cewa, "Anti, ni dai jiya na gan shi wurin bakanike yana neman tsohuwar wayar birki. Kuma na ga ɗan kwaɗo a hannunsa." Nan take ta gane da su zai ɗaure ƙugunsa. Wayar birki ƙarfe ce, almakashi ba ya cin ta, ita kuma ba ta tsinkewa. Ta manta da gwiwa, ta shige ofis da sauri ta kira shi. Mai awon kaya yana tsaye a bakin ƙofa, shi ne ya ga abin da ya biyo baya, har yau kuma in yana ba da labarin sai ya rage murya.

Baban Biyu ya ɗauka, domin yana da abin sauraro a kunne ƙarƙashin hular kwano. Iska tana ta bugun wayar.

"Ka ɗaura, ko?" ta ce.

Can ya ce, "Anti, bar wannan tukuna. Wasu mutum biyu na bina tun daga shataletale. In na rage gudu su rage, in na ƙara su ƙara."

Ta san hanyar: doguwar katangar masana'antu hagu da dama, ba shago, ba gidan mai, ba inda mutum zai raɓa. Ta dafa tebur ta ce, "Buɗe kwaɗon yanzu. Da hannu ɗaya, kana tafiya."

"Ba zai yiwu ba."

"Ina makullin?"

"Yana jikin makullin babur. Zobe ɗaya na sa su, don kada ya ɓata."

Ta runtse ido. Wato ba zai kwance kansa ba sai ya kashe babur ya zare makulli, kuma in ya kashe babur sun iso shi. In kuwa ya ci gaba da gudu suka jero da shi suka fizga, abin da ta gani a ƙarƙashin zanen nan shi za ta sake gani. Mai awon kaya ya ce da ta buɗe baki, muryarta ko gezau.

"Baban Biyu, saurare ni da kyau. Ka ba su rata iyakar iyawarka, sannan ka tsaya. Ka kashe, ka buɗe, ka matsa gefe ka bar musu akwatin."

"In bar musu? Anti, da hannuna? Wa zai yarda da ni? Cewa za a yi ni na kira su!"

"Ni zan yarda da kai. Ina jin komai da kunnena, kuma ni ce mai rubutawa."

"'Ya'yana, Anti. In aka kore ni..."

"'Ya'yanka uba suke so, ba akwati ba. Tsaya, na ce!"

Ta ji ya murɗa babur har ƙarar ta cika ɗakin, ta ɗauka ya ƙi ji ne. Sai ta ji birki, sannan injin ya mutu. Shirun nan ya fi ƙarar ban tsoro. Tana jin numfashinsa, tana jin makullai suna kaɗawa a hannunsa. Sai ta ji sun faɗi a kwalta. Ya ce, "Wayyo Allah." Daga nesa kuma ga ƙarar wani babur tana ƙaruwa.

"Ɗauka," ta ce a hankali. "Kada ka waiwaya. Ɗan ƙaramin, mai gajeren baki. Sa shi."

Ƙarar ta iso daf. Wata murya ta daka tsawa, aka ji karon ƙarfe da ƙarfe, wani abu ya yi ƙara kamar an tsula bulala. Layin ya katse.

Ta sake kira, a kashe. Ta sake, a kashe. Ta sa aka sanar da 'yan sanda, ta tura mahaya biyu su bi hanyar, sannan ta zauna ta zuba wa wayar ido. Farfajiya ta yi tsit, masu shirin fita duk suka kashe babura suka taru a bakin taga. Abin da ke cinta a rai shi ne ita ce ta ce ya tsaya. In kwaɗon bai buɗe ba, ita ta miƙa shi. Ta fara tunanin ƙofar gidan da za ta je ta ƙwanƙwasa, da matar da za ta fito da yaro a baya da yaro a hannu, ta rasa da wace kalma za ta fara.

Da wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba ce. Sai da ta goge tafin hannunta a zane kafin ta ɗauka. Wani mai faci ne a ƙarshen katangar, ya ce ga wani bawan Allah zai yi magana.

"Anti," in ji Baban Biyu, muryarsa a dishe, "sun tafi da kayan. Har da wayata."

"Jikinka fa?"

"Ya buɗe, Anti. Yana buɗewa suna fizga. Wayar birkin ce kawai ta zane ni a ƙugu."

Mai awon kaya ya ce a nan ne ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka, abin da ba wanda ya taɓa gani.

Abin da Baban Biyu ya ji tsoro bai fasa zuwa ba. Mai shagon wayoyi ya zo yana kumfar baki, yana cewa ina aka taɓa jin mutum ya tsaya da kansa ya buɗe wa ɓarawo kwaɗo. Manajan kamfani ma ya fara kallon ƙasa yana cewa a dakatar da shi tukuna a yi bincike. Anti ta kafe kai da fata. Ta ce ita ta ba shi umarnin, in akwai haɗin baki to da ita aka haɗa, a fara korarta. Ta je gaban manyanta na inshora ta maimaita haka, ta ajiye musu wayar birkin a kan tebur. Aka biya mai kaya, Baban Biyu kuma bai rasa ko yini ɗaya na aiki ba sai na jinyar ƙugunsa.

Yanzu ga shi Anti ta ajiye aiki, gwiwa ta yi nasara. Gaskiya mun ji tsoro. Masu fizge ba su yi ritaya ba, kullum kuma sababbin mahaya ake ɗauka, kowanne da iyali a wuyansa da tsoron a kira shi ɓarawo. Wanda aka turo ya gaje ta mutumin kirki ne, amma aikinsa tebur ne, ba wanda zai ce masa ya fita farfajiya yana leƙa ƙugun mutane.

Mun gode, Mai Almakashi, uwar masu hular kwano. Ke ce kika koya mana cewa amfanin inshora shi ne mutum ya iya sakin kaya ya tsira da ransa. Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma masu kamfani da masu kaya, in ɗan saƙo ya dawo muku hannu wofi, ku fara tambayar jikinsa kafin akwati. Muddin kuna tarbarsa da zargi, gobe zai sake ɗaure ƙugunsa, kuma ba kullum kwaɗo ke buɗewa a kan lokaci ba.

Ranar da ta kwashe kayanta, ta rataye almakashin a ƙusa bayan ƙofar ofis ta tafi. Washegari da safe ƙusar ba komai. Mai gadi ya leƙa farfajiya, sai ga Baban Biyu tsaye a gaban wani sabon mahayi, magidanci mai furfura a gemu, da almakashi a hannu.

"Ɗaga jaket ɗinka in gani," ya ce.

Mutumin ya ɓata rai ya ce, "Kai kuma a wa?"

Baban Biyu ya matso kusa. Ya ɗaga tasa rigar ya nuna masa tabon. Mutumin ya daɗe yana kallo, sannan ya sa hannu ya ɗaga jaket ɗinsa, ga igiyar nan sabuwa fil.