Ƙande da Madarar Baffa Tamu

Zamanin Faransa, in likitan Magariya ya duba mutum ya ce ciwon daji ne, a mai da shi gida, to gidan Ƙande ake nufa a Dungas. Ba ta warkarwa, ba ta kuma taɓa cika bakin tana warkarwa ba. Aikinta wanke gyambo da ruwan bagaruwa, juya majinyaci, da ɗebe masa kewa har rai ya yi halinsa. Hatsi kuwa mutanen gari ke bayarwa. Da kaka takan bi gonaki da jakinta, kowa ya ɗora dami, marowaci ma yakan bayar don ya huta da bakinta.

Wanda ya fi ba ta wuya shi ne Baffa Tamu, tsohon makiyayi da shanunsa suka ƙare. Ciwon ya kama masa maƙogwaro, ba abin da ke wucewa sai madara. Matan rugage suka yi ta aiko da ita ƙwarya-ƙwarya, shi kuwa ya kau da kai.

"Ni da na shayar da mutane, yau in sha sadaka? A'a, Ƙande."

"Baffa, yunwa za ta riga ciwon kashe ka."

Ko kallonta bai yi ba. Kwana biyu ruwa kawai yake kurɓa. Haushi ya kama Ƙande, tsoro kuma ya fi haushin. Ta hau jaki tana bin rugage tana cigiyar wanda Tamu ya taɓa yi wa alheri, har ta dace da wani Hammadu a Dogo-Dogo. Shekara ashirin baya Tamu ya ba shi aron karsana irin na Fulani, wadda ake riƙewa sai ta haihu, a mai da uwar, 'ya'yan su zama na wanda aka ba aron. Daga nan garken Hammadu ya tashi.

Washegari da hantsi Hammadu ya ɗaure wata jar saniya da maraƙinta a ƙofar ɗakin, ya durƙusa.

"Baffa, ka shaida ta?"

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙahonta. "Wannan jinin garkena ce."

"Jikar karsanarka ce, Baffa."

Tamu ya yunƙura ya zauna, ya gyara rawaninsa.

"Ƙande, tsayuwar me kike yi? Tatso mini saniyata."

Wata biyu ya ƙara a duniya, kullum da ƙwaryarsa safe da yamma, bai kuma sake kwana da yunwa ba.