Hajiya Indo, Kamfani Ya Ce Ban Da Kayan Ajiya

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Zulƙida, ana cikin kiran azahar, Allah Ya karɓi ran kakata, Hajiya Indo ta Ƙofar Guga, bayan gajeriyar jinya a asibiti, sanadin hayaƙin da ta shaƙa ranar da gidanta ya ƙone. Bayan la'asar muka raka ta makwancinta. Ni ne Amiru tela, jikanta na wajen ɗiyarta Rahmatu, wanda ta goya ta yaye, wanda duk unguwa ta sani da tsokana. Irin wannan rubutu ba aikina ba ne. Amma akwai magana a ƙirjina da na rasa wanda zan gaya wa, kuma ke kaɗai ce kike bari in kai ƙarshen zance, Hajiya. Don haka ke zan gaya wa.

Tun ina rarrafe kike kirana mai gidanki. Da na girma sai kika ƙara mani da "marar cefane". Ni kuma ban taɓa kiranki da wani suna ba sai amarya, ko a gaban baƙi. Ban san iyakar abin da na yi maki ba. Na ɓoye maki takalmi ranar Juma'a. Na ɗaura rawani na yi sallama a zaure da muryar wani dattijo, na ce daga Ƙofar Durɓi nake, aurenki na zo nema, kika aiko a ce in jira, kika sake mayafi, kika fesa turare, kika fito kina takawa a hankali. Da kika gane ƙafata sai kika bi ni da mafici har bakin titi, kina haki kina dariya, kina cewa da ma kin sani, sadakin kawai kike so ki ji. Ba ki sani ba, Hajiya. Har yau ina nan a kan bakana.

Sau ɗaya kika ƙi yi mani dariya. Ranar da na ce wa mai manja kin riga kin biya shi, ya tafi yana ta lissafi a ransa. Kika sa na bi shi da gudu. Da na dawo kika zaunar da ni, kika ce: "Mai gida, ka yi wasanka da ni yadda kake so. Amma kada ka kuskura ka sa sunana a maganar da za ta ci haƙƙin wani."

Wanda bai san ki ba, bari in gaya mashi aikinki. Ke ce ma'ajiyar matan unguwarmu. Macen da ta haifi ɗiya tun tana ƙarama take fara tara mata kayan ɗaki, yau kwano, gobe tukunya, baɗi katifa. To ina za ta ajiye? Wata ɗaki ɗaya gare ta da yara takwas. Wata rufinta yoyo yake. Wata tana da ɗan da ba a barin shi da abu mai tsada. Sai su lulluɓo su kawo maki. Ba ki iya rubutu ba, ba ki kuma taɓa haɗa kayan wata da na wata ba. Kowace ta kawo sai ki yagi bakin tsohon zanenta ki ɗaura a jikin kayan, shi ne shaidarki. Ba ki taɓa karɓar ko goro ba a kan haka. In rana ta fito ki sa a baza katifu su sha iska, ki bi bango da maganin gara. Amare nawa aka yi wa jere da kayan da suka kwana shekaru a ɗakinki na baya, babu wadda ta ce ta rasa cokali.

Shekarun baya Kawu Abbas, babban ɗanki da ke aiki a Abuja, ya rushe ginin ƙasa ya mayar maki da na bulo. Ya ce tunda ya sa ƙarfinsa a gidan, zai yi mashi inshora. Kika ce ke ba a shiga tsakaninki da ƙaddara. Ya lallashe ki, ya ce ta Musulunci ce, takaful ake ce mata, mutane ne ke zuba kuɗi wuri ɗaya, wanda masifa ta faɗa wa a tallafa mashi. Sai kika ce: "Ashe adashi ne, sai dai ba mai son ranar kwasarshi ta zo." Ina wurin, ina cin ɗumamenki. Na ji yadda ya jera maki: in gobara ta tashi, ko ambaliya ta shigo, ko iska ta kwashe rufi, ko ɓarayi suka fasa, kamfani zai gyara ginin, bango da kwano da ƙofofi har katanga, zai kuma biya kayan cikin gida, gado da kujeru da firij da sutura. Ya ce ban da abin da tsufa ya cinye ko gara ta ci, ban da kayan sayarwa, gwal kuma sai an faɗa masu tun farko. Kika tambaye shi: "Duk abin da ke cikin gidan?" Ya ce: "Duk kayan gida, Hajiya." Yana nufin naki. Ke kuma kin ji duk abin da rufin ya rufe. Shi bai taɓa leƙa ɗakin baya ba, ke kuma ba ki ga dalilin faɗar ajiyar mutane ba, don ajiya ba a tallarta.

Daga nan labari ya bazu cewa gidan Hajiya Indo ko ya ƙone sai an biya. Masu kawo kaya suka ƙaru. Da kunnena na ji kina ce masu su kwantar da hankali, kayansu na hannun Allah sannan na hannun kamfani.

Cikinsu akwai Inna Hafsat mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya, Zulaihat. Tun Zulaihat na firamare take kawo maki abin da ta samu. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin lungunmu da safe ya ga Inna Hafsat a gaban kasko, ido jawur. Daga wannan kaskon gado ya fito, da katifa, da firij, da keken ɗinki, da jerin tukwane, da kwanukan tangaran da take zuwa ta buɗe ta kalla ta rufe. An sa bikin Zulaihat mako na biyu bayan Babbar Sallah. Yaro ne take so, shi ma yana sonta, ya gama fentin ɗaki.

Ranar gobarar ina shago. Da la'asar aka kawo wutar lantarki da ƙarfi, waya ta kama a ɗakin baya. Kafin in iso hayaƙi ya rufe lungu. An ce kin fito lafiya, kin tsaya a waje, sai kika tuna, kika juya kika koma ciki. Ba ɗakinki kika nufa ba, inda tufafinki da Alƙur'aninki suke. Ɗakin baya kika nufa. Samari ne suka jawo ki, kina riƙe da murfin tukunya ɗaya. Da masu kashe gobara suka gama, babu abin da ya rage a ɗakin nan sai ƙarafa.

A asibiti numfashi na yi maki wuya, amma duk wanda ya sunkuyo kanki magana ɗaya kike yi mashi: "Ku ce wa Hafsat kada ta yi kuka, kamfani zai biya." Na so in sa ki dariya, na ce amarya ki tashi, dattijon Ƙofar Durɓi na waje da sadaki. Kika matse mani yatsa, kika ce: "Mai gida, ka tsaya a kan kayan yarinyar nan." Ban ƙara jin wata magana daga bakinki ba.

Bayan addu'ar bakwai Kawu ya kira kamfani. A waya suka gaya mashi abin da ba wanda ya taɓa tambaya: abin da suka ɗauka shi ne ginin, da kayan mai gidan da na iyalin da ke zaune tare da ita. Kayan da wasu suka kawo ajiya ba su ciki. Suka ce za su turo mai duba ɓarna.

Safiyar da zai zo, maƙwabta suka tare ni a ƙofar shago. Babaji mai kanti ne ya yi magana. Ya ce: "Amiru, kai ne ka zauna da ita, kai za a tambaya. Ka ce duk nata ne, shi ke nan. Wa zai tashe ta ya tambaya? Kai da ka sa tsohuwa ta yi kwalliya don baƙon ƙarya, wannan ce za ta gagare ka?" Aka yi 'yar dariya. Na ce su bar mani. Wallahi, Hajiya, na amsa da zuciya ɗaya. Har na tsara yadda zan faɗa, cewa ke mace ce mai son tara kaya, ba kya iya ganin tukunya a kasuwa ki wuce.

Mutumin ya zo, Malam Salihu sunansa, mai sanyin magana. Ya yi mana gaisuwa, ya yi maki addu'a, ya zagaya yana ɗaukar hoto. A ɗakin baya ya tsaya ya daɗe. Ƙarafan gadaje a jingine, ƙwarangwal ɗin firij ba ɗaya ba, kawunan kekunan ɗinki a cikin toka. Kawu ya sunkuyar da kai. Malam Salihu ya juyo ya ce mani: "Ɗan'uwa, an ce kai ne ɗan ɗakinta. Tsakaninka da Allah, waɗannan duk na marigayiya ne?"

Na buɗe baki, Hajiya. Ni da ban taɓa neman magana na rasa ba. Sai na ga sunanki zan sa a ciki, kina kwance inda ba ki iya sa ni in bi kowa da gudu in gyara. Kuma kuɗin da za a ba mu na wasu mutane ne da suka zuba, su ma suna tsoron ranar tasu. Na ce mashi gadon ɗakin gaba naki ne, da ƙaramin firij, da kujeru, da akwatunan sutura. Na ce na ɗakin baya ajiyar mutane ce. Ya ce Allah Ya yi mani albarka. Babu wanda ya ce amin.

Tun ranar Babaji bai amsa gaisuwata ba. Wannan bai dame ni ba. Wadda ta dame ni Inna Hafsat ce. Ba ta zage ni ba. Duk kwanakin zaman makoki ita ke aiko da ƙosai ga masu gaisuwa, kuma bayan abin da na yi ma ba ta daina gaishe da mahaifiyata ba. Shekaranjiya na wuce ta gaban kaskonta, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, tana juya ƙosai, ba ta ɗago ba. Har na miƙe ta ce: "Amiru, duk ƙaryar da ka yi a unguwar nan, da ka ƙara mana guda ɗaya." Ban san yadda na kai shago ba. Na zauna gaban keke har azahar ban zura zare ba.

Na je wurin malaminmu na allo. Ya ce ajiyar da ta salwanta ba da sakacin mai riƙo ba, babu ramuwa a kansa, don haka babu komai a wuyanki. Na yarda, na gode wa Allah. Amma hakan bai sa gado a ɗakin Zulaihat ba. Kin ce za a biya, kin tafi kina ganin za a biya, kin kuma bar mani maganar a hannu. Na tsaya maki a kan gaskiya, na kayar da yarinyar da kika ce in tsaya mata. Ban san wanne kika fi so ba, Hajiya, kuma babu inda zan je in tambaye ki. Ba na iya cin abinci. Sauran matan da kayansu suka ƙone suna da lokaci, 'ya'yansu ƙanana ne, in da rai za a sake tarawa. Zulaihat kuwa Sallah ta matso, dangin miji sun fara tambayar ranar jere.

Don haka, ku 'ya'yanta, Kawu Abbas, Kawu Abdurrahim, da ke Umma mahaifiyata, na san za ku karanta wannan. Kamfani ya ce zai gyara ginin, zai kuma biya kayan ɗakin Hajiya. Wannan na biyun gadonku ne, halak ɗinku ne, ni jika ba ni da ko allura a ciki. Jibi za ku zauna a kansa. Ina roƙonku don Allah, kafin a raba, ku tuna ɗakin da ta nufa da ta koma cikin wuta. Hajiya ba ta buƙatar sabon gado yanzu. Umma ta riga ta gaya mani ta bar wa Zulaihat nata kason, amma nata kaɗai ba zai kai ko'ina ba. Labule da zannuwan gado da rigunan filo na ɗauka a kaina, na fara yanka. Abin da nake da shi ke nan. Ban taɓa roƙonku wani abu ba tare da dariya a bakina ba, shi ya sa nake tsoron ku ɗauka wannan ma wasa ne. Wallahi ba wasa ba ne.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Indo. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya mata shi kamar yadda ta sanyaya zukatan iyayen 'ya'ya mata. Ka karɓi komawarta cikin hayaƙin nan a matsayin shahada. Ka tsare mata amanarta kamar yadda ta tsare ta mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta da jikokinta, da dangi na Ƙofar Guga da na Ƙofar Ƙaura, da duk macen da ta taɓa sallama a gidan nan da kaya a ƙarƙashin mayafi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya mayar wa kowa da mafi alherin abin da ya rasa.

Inna Hafsat, ke ma ina yi maki ta'aziyya, don na san rashi biyu kika yi. Jibi zan zauna a ƙofar zauren da su Kawu za su taru har su fito. Duk abin da suka yanke, ni zan zo in gaya maki da bakina, kuma yadda yake zan faɗa.

Allah Ya sa Aljanna ce makomarki, Hajiya. Amin.