Takalman Yakubu a Gaban Taya

Daga Allah muka fito, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin Laraba, 8 ga watan Janairu 2025, Yakubu makanike na tashar Filinge ya cika a asibitin garin nan, bayan da motar Alhaji Yazid ta bi ta kan ƙirjinsa da sanyin safiya. Ni Isma'ila direba, ɗan kawunsa kuma taubashinsa, ni na ɗauke shi a motata zuwa asibiti, ni kuma na ji maganarsa ta ƙarshe. Dattawa sun ce in rubuta ta'aziyya in yi haƙuri. Ta'aziyyar ga ta, haƙurin kuwa ban same shi ba tukuna.

Yakubu, tun muna yara kake ce mini bawanka, ni ina ce maka kai ne nawa, har muka yi furfura ba a raba wannan gardama ba. Yanzu ka tafi ka bar ni da bakin tsokana, ba wanda zan yi wa.

Kowa a tashar nan ya san lokacin ɗari lokacinka ne. Motocinmu tsofaffi ne, masu shan gazuwal, wato man dizal, kuma injin gazuwal ba ya son sanyi. Da an sallame sallar asuba sai ka fito da baro, batirinka a ciki, kana bin motoci ɗaya bayan ɗaya. Ba ka fara taɓa komai. Sai ka ce wa direba ya murɗa makulli, kai kuma ka koma baya ka tsaya wajen bututun hayaƙi, hannu a aljihu. In injin yana juyawa da ƙyar, yana nishi, ka ce sanyi ya sha ƙarfin batir, ko baƙin mai ya yi kauri, ka jona naka. In yana juyawa da ƙarfi, farin hayaƙi na fita amma ya ƙi kamawa, ka ce gazuwal na isa, zafi ne babu, wato bujin da ke ɗumama injin sun mutu. In kuwa yana juyawa ba hayaƙi ko kaɗan, ka ce man ne bai zo ba, sai a bi hanyarsa tun daga tanki, ko filta ta toshe, ko ruwa ya shiga, ko tiyo na shan iska.

Ni ka fi wahala da ni. Nakan zo tashar ina gaggawa, in murɗa makulli tun fitilar buji ba ta mutu a tablon gaban direba ba, sai in ji muryarka daga nesa: "Kai bawan ga, dakata mata ta ji ɗumi! Kai da ba ka tashi sai an ba ka shayi, ita mi ta yi maka?" Mutane su yi ta dariya, ni kuwa in ce ai hayaƙin mota ya gama cinye maka hankali.

Kai ka hana yaran mota hura gawayi a ƙarƙashin injin, ka ce wata rana za su gasa mu duka. A maimakon haka sai ka roƙi ruwan zafi wurin Balkisu mai koko, wadda ke zama a bakin tasha, ka zuba a kan filta a hankali. Akwai wata safiya da aka kira ka daga Bonkuku, wai motar da ta ɗauko tsohuwar wani makiyayi mara lafiya ta ƙi tashi. Ka hau babur da batir a kan cinya, cikin ɗarin da ke fasa leɓe, ka je ka tayar da ita. Da makiyayin ya kawo maka ɗan akuya, ka ce ya mayar wa tsohuwar ta sha romo.

Kana da al'ada ɗaya wadda ba wanda bai sani ba a Filinge. Duk lokacin da za ka shiga ƙarƙashin mota, sai ka tuɓe takalmanka na roba, baƙaƙen nan, ka jera su a gaban tayar gaba. Ma'anarsu a fili take: akwai mutum a ƙasa. Don mu a tashar nan muna da tamu al'adar, in mota ta ƙi tashi ba sai an roƙe mu ba, kowa ya aje kofinsa ya kai hannu a tura. Taimako muke nufi. Takalman nan su ne abin da ke tsayar da mu, kuma shekara da shekaru ba su taɓa kasawa ba.

Ran Larabar, motar Alhaji Yazid ta sha lodin buhunan wake za ta Yamai, ta ƙi tashi. Ka tsaya a bayanta, ka ga ba hayaƙi. Ka faɗa masa a gaban mutane cewa man ba ya zuwa, turi ba zai yi komai ba, ya ba ka lokaci ka bi tiyo. Ka jera takalmanka, ka shige. Direbansa sabo ne, baƙo, bai san al'adarka ba. Alhaji ya je ya amsa waya, ya dawo yana huci wai masu sayen wake ba za su jira shi ba. Ya tsaya a gaban motar. Balkisu na kallonsa ya dubi takalman, ya sa ƙafa ya ture su gefe, ya ɗaga hannu ya ce a tura. Masu turi suna baya, lodi ya tsare musu gani. Kafin Balkisu ta yar da ludayi ta yi ihu, taya ta hau.

Ban ce Alhaji Yazid ya yi niyyar kashe ka ba. Wataƙila ya zaci ka fita neman wani ƙarfe. Amma sunkuyawa ɗaya ce tsakaninsa da ranka, Yakubu, sunkuyawa ɗaya, ya ƙi yi don kada farar shaddarsa ta taɓa ƙasa. Wannan ma da ya faɗa, da wataƙila zuciyata ta sauka. Sai ga shi ran sadakar uku ya zo da buhun shinkafa da goro, ya zauna a gaban Gwaggo A'isa, mahaifiyarka, ya ce shi bai ga wasu takalma ba, ƙaddara ce. Da Balkisu ta buɗe baki aka ce mata ta yi shiru, nan gidan makoki ne. Dattawa suka ce a yafe. Na san ƙaddara, na yi imani da ita. Amma ƙaddara ba ta da ƙafar da za ta ture takalmi.

Yanzu bari in faɗi abin da ban faɗa wa dattawan ba. A cikin motata, kanka a cinyar wani ɗan dako, numfashi na yi maka wuya, ka kira ni. Na zaci wasiyyar matarka Ummul da yara za ka ba ni. Sai ka ce: "Isma'ila, na gano ciwon motag ga. Ka hwaɗa ma Alhaji..." Ka gaya mini wurin, ka gaya mini abin da za a canza. Wallahi ƙaramin abu ne, bai kai tsawon yatsa ba. Mutum ya taka ka, kai kana tunanin yadda motarsa za ta tashi. Haka kake, shi ya sa nake jin haushinka har yanzu.

Ka yi mini aikin gafara, taubashi, wannan saƙon ban isar ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Motar tana nan inda ta tsaya. An sauke waken. Alhaji ya sayo sabon batir, ya canza buji, kullum da safe direbansa na murɗa makulli, injin na juyawa, ba hayaƙi. Makanikan Filinge kowa ya ce hannunsa da aiki. Yana iya ɗauko wani daga Yamai, ban hana shi ba, amma sai ya fara nemo wanda zai kwanta a ƙarƙashinta bayan ya ji labari.

Takalman kuwa ni na tsince su. Kowace safiya bayan sallah nakan je in jera su a gaban tayar nan, yadda kake yi. Shekaranjiya Alhaji ya fito ya ce a taimaka a tura masa ita ko zuwa ƙofar gidansa ne. Tasha cike take da maza, ba wanda ya aje kofinsa. Ya dubi takalman, ya dube ni, wannan karon bai ɗaga ƙafa ba. Liman ya aiko mini cewa riƙo ba kyau, na ce a gaya masa na ji. Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba dukiya ba ce: Alhaji Yazid ya je gaban Gwaggo, a gaban mutanen da suka ji ƙaryar farko, ya ce ya ga takalman. Ranar da ya faɗa, ni da hannuna zan shiga ƙarƙashin motar in cika maka saƙonka. In ya ƙi, Allah ya isa tsakaninmu da shi, ta ruɓe a wurin.

Ya Allah Ka jiƙan Yakubu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa duk motar da ya tayar cikin ɗari ta zama nauyi a mizaninsa. Gwaggo A'isa, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Ummul, Allah Ya ba ki juriya, Ya raya Fiddausi da Yusuf bisa halin ubansu. Ina miƙa ta'aziyya ga dangi na Filinge da na Tabla, da duk 'yan tasha. Balkisu, Allah Ya saka miki, ke kaɗai kika faɗi abin da kika gani.

Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya ba ni haƙurin da kuke ta nema a wurina. Kafin ya zo, gobe da asuba takalman suna gaban taya.